Naɗaɗɗiyar Fata a Mabera

Daren Asabar, bayan Isha'i, an ɗauke wuta a Mabera,
rana ta tafi ta bar mana zafinta jingina.
Muka hau saman bene da tabarma da fitilar caji,
da taswirar da aka zana a bayan tsohuwar kalanda,
da ƙwayar nan mai fuska ashirin
wadda ta yi wata biyu a hanya kafin ta iso hannun Lawali.

Sahabi ke riƙe da littafin dokoki.
In ya ce ga kogi, to kogi ne,
ko da ƙwaryar fura muke gani.

A cikin wasa ni marubuci ne, mai ɗaure iska a cikin harafi.
Da rana ina yanka rasit a shagon taya.

Ya karanto mini, yatsa na bin layi:
ba ka rubuta abin da ba ka sani ba.
Tawada zinari hamsin, fata ashirin da biyar.
A jeme ta yau, a yi rubutu gobe,
kwana bakwai ba ɗaga kai,
in an katse ka a na shida, ka koma na farko.

Na ce dakata. Jima a yini guda?
Kakana majemi ne.
Na san toka, na san bagaruwa,
na san warin da ke bin mutum har cikin tuwonsa
kafin jar akuya ta yarda ta yi laushi.

Sahabi ya dube ni ta saman tabarau.
"Wanga littahi ba Sakkwato anka rubuta shi ba.
Amma tunda ka sani, na ƙara maka kwana ukku."
Dariyar Lawali har ta tada karen maƙwabta.

Sai doka ta ƙarshe, gajeriya kamar wuƙar aski:
sau ɗaya ake karanta ta.
Baki na faɗi, harafi na barin fata.

Asabar uku ina zaune a gefen taswira.
Su suna sara, suna tsere, suna raba ganima,
ni ina ƙirga kwanakin da babu su a kowace kalanda.
Da na gama, na naɗe guguwa sukutum,
na ɗaure ta da zare, na sa a jaka.

Daga nan rowa ta kama ni.

A bakin kogo suka ce karanta, na ce da saura.
A gaban ƙofar ƙarfe, na ce ba girmanta ba ne.
Ran da dodo ya tare gada,
Ige, ƙanwar Sahabi, mai garkuwar tagulla,
numfashi biyu ya rage mata a takarda.
Ta ce, "Yanzu hwa."
Na taɓa jakar. Na ce a bari zagaye ɗaya.

Ƙwaya ta gangara, ta tsaya jikin buta.
Wata takwas Ige na rainon jarumar nan.
Ta ninke takardar gida huɗu,
ta sauka ƙasa, muka ji tana wanke kofuna da ƙarfi.

Mako ya zagayo ta dawo da sabuwar takarda:
ɓarauniya, mai yatsu kamar na masaƙa.
Jifa ɗaya, sha tara.
Sahabi ya ce, "Jakarka ta yi sauƙi."

Ba dodo, ba gada, ba kowa a fili,
sai rigunan ayari da aka wanke a rafi.
Ige ta warware zaren, ta karanta da murya,
guguwata ta kwana goma
ta busar da wanki.

Na nemi hukunci. Sahabi ya buɗe, ya rufe.
"Littahi ya ce a karanta. Ta karanta."

A sannan aka kawo wuta,
fanka ta tashi a ɗakin ƙasa, ba kowa a ciki.
Ige ta turo mini fensir.
"Tawada hamsin ce, ko? Ni ka biya.
Rubuta wata."